Lambar Motar Bappa Yohanna

Kun taso kuna faɗin wata magana a gidan nan, wai Bappa Yohanna ya yi mota shi ya sa ya daina kula mu. Na ji Maryam ta faɗa, na ji Sadiƙu yana faɗa wa matarsa, har jikokina da ba su taɓa ganin mutumin ba da wannan suka san shi. Duk lokacin da aka faɗa ina zaune, ban taɓa buɗe baki na gyara ba, wani lokacin ma kai nake gyaɗawa. To yau zan gyara, tunda na yi wa kaina alkawari cewa a rubutun nan ba zan tsallake wurin da ba ni da gaskiya ba. Yohanna bai yi girman kai ba. Ni ne na yi masa hassada, irin wadda ban san tana cikina ba sai da ta fito ta yi ɓarna.

Ma'aikata ɗaya muke da shi a Jimeta. Ni ina sashen ajiye fayil, shi yana sashen kula da ma'aikata. Daga wajejen Ganye aka yi masa canjin wurin aiki, ya zo da matarsa da 'yarsu Rifkatu tana goye, suka kama haya a bayan gidanmu na Mbamba. Ku da kuka tashi kuka tarar da motoci a ko'ina ba za ku gane nisan Mbamba da Jimeta ba ga ma'aikacin da dole ya sa hannu a littafi kafin ƙarfe takwas. Ni ina da babur, ja, wanda nake gogewa kowace safiya kafin in karya. Wata rana na fito na gan shi a bakin titi, takardunsa cikin leda, rigarsa ta jiƙe da gumi tun bai je ko'ina ba. Na tsaya na ce ya hau. Daga wannan hawan sai da muka yi shekara goma sha huɗu, kullum ni a gaba shi a baya.

Bai iya babur ba, kuma bai taɓa sha'awar koyo ba, tsoronsa yake ji. Abin da ya iya shi ne surutu. Tun daga ƙofar gida zai kafa bakinsa a kunnena, ya ba ni labarin ƙwallo, labarin gyaɗar da aka noma a garinsu, labarin wanda aka ƙara wa girma ba tare da ya cancanta ba, har mu shiga get ɗin ofis. Na girme shi da shekara biyu, don haka Hamma yake kirana, wato yaya, Dadarku mahaifiyarku kuma Adda, ku kuwa tun kuna rarrafe kuke ce masa Bappa. Ranar Juma'a sai ya zauna a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ta cikin harabar ofis, inda nake jingine babur, ya jira in dawo daga masallaci. Ni nake yanke lokacin fita da na tashi. Idan bakwai ta yi bai fito ba, sai in danna hon sau biyu, in gan shi ya fito da gudu yana ɗaura agogo, Maman Rifkatu na biye da shi da kofin shayinsa. A ofis har tsokanarmu ake yi, a ce ga Ɗahiru da kayansa sun iso. Shi dariya yake yi, ni ma haka, amma ni dariyata da wani daɗi a ƙasanta. A lokacin na ɗauka taimakon maƙwabci nake yi saboda Allah. Sai daga baya na gane ina son taimakon, amma na fi son a ce ni ne mai yin sa.

Sai rikicin nan na 'yan tada ƙayar baya ya zo. Kun san shi, ba sai na ba ku labari ba, wasunku ma a lokacin aka riƙa dawo da ku daga makaranta da rana tsaka. Abin da ya shafi wannan magana shi ne hana hawa babur a cikin gari. Na tura nawa cikin zaure, na rufe shi da tsohuwar tabarma, na tsaya a kansa kamar wanda ya zo duba mara lafiya. Muka koma keke mai ƙafa uku, wanda a farkon zuwansa ba shi da yawa. Daga Mbamba ka sami wanda zai fito da kai cikin Yola, can ka shiga layi ka jira na Jimeta, a cusa mutum uku a baya, biyu su maƙale a gefen direba. A hanya ga shingen bincike, a sauke ku, ku ɗaga hannu sama ku taka ku wuce, sannan ku sake hawa. Da mutanen Mubi da Michika suka kwararo garin, keken ma ya zama sai mai ƙarfin kafaɗa. Ni da Yohanna muka yi wata da watanni muna wannan faman, muna isa ofis a makare, takalmanmu sun yi buɗu-buɗu. Wahala ce, amma ban ji zafinta sosai ba, domin tare muke sha, babu wanda ya fi wani.

Wata safiya ina cikin shan kunu sai na ji hon a ƙofar gida, sau biyu. Ban motsa ba, na ɗauka baƙin maƙwabta ne. Sai na ji muryarsa.

"Hamma! Hamma, fito ka gani! Wahala ya ƙare!"

Na fito na tarar da shi tsaye jikin wata tsohuwar mota ruwan toka, bakinsa har kunne. Ƙanin matarsa ne ya sami sabuwa ya bar masa wannan, shi kuma ya yi wata guda yana zuwa filin makaranta da yamma ana koya masa tuƙi a ɓoye, don ya ba ni mamaki. Dadarku ta fito da ludayi a hannu tana ta barka.

"Kai, Baban Rifkatu, Allah ya sa alheri! Allah ya tsare hanya!"

"Amin, Adda, useko, na gode. Yanzu Hamma ya huta, ni zan riƙa ɗaukansa."

Ku kuwa kuka yi caa a kanta, Sadiƙu har ya shige ya kama sitiyari. Yohanna ya zaga ya buɗe min ƙofar gaba, ya ciro tsumma ya goge kujerar, ya ce in shiga. Na yi masa murna da baki, na shiga na zauna. Amma tun kafin ya tayar da motar na ji wani abu ya tokare min ƙirji, kuma wannan abin bai sauka ba sai da ya kai ni inda zan gaya muku.

Ba wata mota ba ce ta a zo a gani. Ƙofar baya ɗaya ba ta buɗewa sai daga waje, in an yi ruwa kuma sai an tura. Tuƙin nasa ma abin dariya ne, hannu biyu ya damƙe sitiyari, haɓarsa kusan a kansa, keke ma wuce mu yake yi. Ni da na yi shekaru ina ratsa titin nan kamar tsakar gidanmu, ga ni zaune a gefe da fayil a cinya, ina kallon wanda ko babur bai iya ba yana tuƙa ni. Na riƙa yi masa gyara, ka taka birki, ka ba da hannu, ka matsa dama, shi kuma yana cewa to Hamma, to Hamma, ko a jikinsa. Ya daina surutu a hanya saboda hankalinsa na kan titi, sai shirun ya zame min kamar wulaƙanci. A shingen bincike ana leƙowa a ce masa Oga, ni ko kallona ba a yi. Da muka isa ofis kai tsaye ya nufi ƙarƙashin dogon yaron nan ya ajiye ta, daidai inda baburina ya shekara goma sha huɗu yana tsayawa. Masu tsokana ba su ɓata lokaci ba, suka juya maganar, aka koma cewa ga Yohanna da kayansa. Wannan karon shi kaɗai ya yi dariya. Abin da ya fi ci min rai kuwa hon ɗin nan ne na safe, sau biyu, irin yadda nake yi masa. Ina jin sa sai kunun ya fita daga raina.

Ban cika wata guda ina shiga motar ba na fara ƙirƙiro uzuri. Yau in ce zan biya asibiti, gobe in ce Darakta yana nemana da sassafe. Daga baya ma na daina ba da uzurin, sai dai in sulale tun shida da rabi in bi layin keke. Dadarku ba ta da yawan magana, amma ido gare ta. Wata rana ina sa takalmi ta tsaya a kaina.

"Malam, mota na ƙofar gida kana bin keke? Me ya haɗa ku da Baban Rifkatu?"

"Babu abin da ya haɗa mu. Aiki ne ya yi yawa."

"Aikin da shekara ashirin bai taɓa fitar da kai kafin bakwai ba? Jiya bawan Allah nan ya yi ta hon, sai da na fita na ce ka tafi. Ya ce ko ya yi maka laifi ne."

"Ki ce masa ba laifin da ya yi."

"Kai ka faɗa masa, ai ofis ɗinku ɗaya."

Na sa kai na fice. Ku ji irin halin da hassada take sa mutum. Ina tsaye a layin keke a cikin Yola, rana ta fara dukan ƙeya, sai in hango motar tana tahowa a hankali, wani malamin makaranta na layinmu zaune a kujerar gaba, hannunsa a waje yana shan iska. Sai in juya baya in shige bayan mutane don kada Yohanna ya gan ni ya tsaya. Ba na son in zauna a kujerar, kuma ba na son in ga wani a kanta. Haka zan wuni a ofis ina jin haushin malamin da ko sunansa ban riƙe ba.

Ana cikin haka aka kawo sabuwar doka a ma'aikata, saboda tsoron motocin da ake ɗana wa bam. Babu motar da za ta ƙara shiga harabar ofis sai wadda aka manna wa wata takarda a gilashin gaba, muna ce mata sitika. Duk ma'aikacin da yake da mota zai kawo lambarta, a rubuta a rajista da kwanan wata, ya sa hannu, a ba shi sitikarsa. Darakta ya duba ya ga babu wanda ya kai ni tsare takarda, sai ya damƙa min rajistar da sitikun gaba ɗaya. A ranar Yohanna ya shigo ofishina da 'yar takarda a hannu, ya rubuta lambar da manyan baƙaƙe.

"Hamma, ga lambana. Ka sa ni da wuri kafin manya su cinye wuri."

"Ajiye nan, zan duba."

Da ya fita na ɗauki takardar na juya ta a hannuna. Ban zauna na shirya mugunta ba, Allah ya sani. Kawai na ji yau dai akwai abu ɗaya da motar nan take nema a hannuna, kuma ba na son in ba da shi da sauri. Na buɗe durowa na sa ta ƙarƙashin akwatin hatimi, na ce gobe. Gobe ta zo na ce jibi. Bayan mako guda ya leƙo ya tambaya, sai na ji bakina yana cewa an ce masu matakinmu sai zagaye na biyu. Babu wani zagaye na biyu, a take na ƙirƙiro shi.

"Ba komai," in ji shi. "Tunda a hannunka yake, ai kamar ya fito ne."

Sai ya koma ajiye motar a waje, jikin katangar ofis, inda masu lemo da masu gyaɗa suke zama. Da farko akwai motoci da yawa a wurin, na baƙi da na waɗanda sitikarsu ba ta fito ba. A hankali aka kori masu tallan, aka ce baƙi su riƙa ajiye motocinsu can nesa su tako da ƙafa, abokan aikinmu kuma ɗaya bayan ɗaya na rubuta su suka shige ciki. Mai gadi ya ƙyale ta Yohanna saboda ya san shi. Ta rage ita kaɗai a jikin katanga, babu inuwa, rana tana gasa ta daga safe har la'asar. Kowace safiya in na sauko daga keke ita nake fara gani, kuma ba zan ɓoye muku ba, sanyi nake ji a raina. Sai in shiga in kalli ƙarƙashin dogon yaro in ga wata motar ce a wurin, ba tasa ba, in wuce ofis da ƙarfina. Na san halin da gari yake ciki, na san abin da ake tunani in an ga mota ita kaɗai a jikin ginin gwamnati. Na sani sarai, na dai ƙi barin tunanin ya zauna.

A makon da bam ya tashi a cikin gari, kowa a firgice yake, ko tayar mota ce ta fashe sai ka ga an watse. Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe muna ofis muka ji ihu, a fita, a fita ta ƙofar baya. Jami'an tsaro masu sintiri ne suka ga mota a jikin katanga ba sitika ba direba, suka tare titi ta ko'ina. Mai gadi ya gaya musu ta ma'aikaci ce, shugabansu ya ce in ta ma'aikaci ce me ya hana ta shiga ciki, a kira mai rajista. Aka zo aka fito da ni, rajista a hammata. Kafin in iso sun riga sun fasa gilashin gefe da gindin bindiga, sun ɓalle but ɗin bayan motar, takardun cocin Maman Rifkatu da wani buhun masara a zube a ƙasa. Yohanna ba ya nan, ya kai fayil wata ma'aikata a tsallaken titi. Shugaban ya nuna min lambar da baki.

"Wannan lambar tana cikin littafinka?"

"Ba ta ciki."

Abin da na faɗa ke nan, na yi shiru. Gaskiya na faɗa, amma rabinta. Da na ƙara da cewa na san mai ita, maƙwabcina ne, laifina ne, da maganar ta mutu a nan. Ban ƙara ba. Na tsaya ina kallon gilashin da ya tarwatse a kan kujerar gaba, ina jin wani abu mai kama da an rama min. Shirun bai fi na minti ɗaya ko biyu ba, amma a cikinsa ne Yohanna ya ɓullo daga tsallake da gudu, fayil a hannu, yana ɗaga murya.

"Motana ne! Don Allah, motana ne, kar ku fasa!"

A wancan lokacin babu ganganci kamar ka tunkari mai bindiga da gudu. Allah ne ya tsare ba a harbe shi ba. Biyu suka tare shi, ɗaya ya kwaɗa masa mari a kunnen hagu da dukkan ƙarfinsa, ɗayan ya kwashe ƙafarsa. Suka zaunar da shi a kan kwalta mai zafi, hannu a ka, bakin bindiga a wuyansa, takardun fayil ɗin suna tashi a titi. Mutumin da ya kusa shekara hamsin, da furfura a gemu, ma'aikatanmu maza da mata suna leƙe ta katanga. Ya ɗago ido yana neman wanda ya sani, ya gan ni, na ga fuskarsa ta saki don ya ɗauka ceto ya zo. A nan ne abin da ya tokare min ƙirji tun ranar farko ya sauka, kunya ta maye wurinsa. Na yi ta rantsuwa, ma'aikacinmu ne, maƙwabcina ne, ya kawo lambar tuntuni, mantuwa na yi. Darakta ya fito ya sa baki, aka duba katinsa, aka ce ya tashi.

Darakta ya harare ni ya ce in rubuta lambar yanzu-yanzu a gaban kowa. Na ɗora rajistar a kan motar na rubuta, ban ko nemi takardar ba don na haddace lambar. Na miƙa wa Yohanna biro ya sa hannu. Ya sunkuya, hannu ɗaya dafe da kunne, sai na ga bai sa ba tukuna, yana bin shafin da ido daga sama zuwa ƙasa. Mutumin sashen ma'aikata ne, ya san matakin kowa. Ya ga sunayen waɗanda suke ƙasa da mu, ya ga sunan wata sabuwar ma'aikaciya da ta sayi mota makonni biyu da suka wuce, ga kwanan wata a gefen kowane suna da rubutuna. Ya juya shafin baya ya duba, ya dawo. Sannan ya sa hannu, ya rufe biron ya miƙo min.

"Na gode, Hamma."

Bai ƙara ko kalma a kan maganar ba, ranar ko bayanta. Kunnen nan bai sake ji sosai ba, an yi ta zuwa asibiti har aka haƙura. Bai kai ƙarata wurin kowa ba, bai faɗa wa matarsa ba, in mun haɗu a baranda zai gaishe ni da ladabi kamar kullum. Da Kirsimeti sun aiko da shinkafa da kaji, da layya mun aika da nama, an yi godiya. Amma hon bai sake ƙara a ƙofar gidan nan ba, kuma bai sake shigowa zaure ya zauna muna hira ba. Kafin shekara ta zagayo ya lallaɓa ya rufa ɗaki biyu a filinsa na Damilu suka tashi, ko filasta ba a yi ba. A lokacin ne kuka fara cewa ya yi mota ya daina kula mu, ni kuma na sami inda zan fake. Dadarku ce kaɗai ba ta taɓa faɗa ba. Ranar da suka kwashe kaya, ta dawo daga rakiyar Maman Rifkatu idonta jawur, ta ajiye min abinci ta ce:

"Malam, ni ban san abin da aka yi ba. Amma na san kai ka yi."

Za ku ce me ya hana ni in je in ba shi haƙuri. Na yi niyya ba sau ɗaya ba. Sai dai in za ka ba da haƙuri dole ka faɗi laifin da sunansa, ni kuwa na kasa tsayawa gaban Yohanna in ce na yi maka hassadar tsohuwar mota mai ƙofa uku. Kowace shekara faɗin yana ƙara nauyi. Muka yi ritaya a tsakanin wata shida, gari ya lafa, shingaye suka ragu, ni ina Mbamba shi yana Damilu, ba wanda ya taka wurin wani.

Sai bara, bayan na tashi daga ciwon nan da ya kwantar da ni, na ga in ban je yanzu ba wataƙila ba zan je ba. Ban gaya wa kowa ba, na hau keke har sau uku na isa Damilu da hantsi. Na same shi a baranda yana ɓare gyaɗa, ya rame, kansa fari fat. Ya miƙe ya rungume ni, ya kira Maman Rifkatu, aka kawo ruwa da kunun gyaɗa. Ya gyara kujerarsa yadda kunnen dama zai fuskance ni. Bayan gaisuwa ta ƙare na faɗa masa komai, takardar da na sa a durowa, zagaye na biyun da babu shi, shirun da na yi a bakin get. Na ce masa hassada ce, ba wani abu ba. Ya daɗe yana juya ƙwayar gyaɗa a tafin hannunsa.

"Na sani, Hamma. Tun ranar na gani a littafi. Kuma na yafe tun ranar, Allah shaida."

"To me ya sa ba ka taɓa yi min magana ba?"

"In ce me? Ni motar nan ba don kaina na yi murna da shi ba. Na ce yau dai na sami abin da zan rama wa Hamma da shi. Sai na ga ashe ramawan ne kake jin zafi. To na bari."

Hawaye kawai na ji suna bin gemuna. Ya dafa gwiwata ya ce ya wuce, mu bar shi, ya shiga tambayata labarinku ɗaya bayan ɗaya, bai manta sunan kowa ba. Muka yi hira har azahar ta kusa, muka yi dariya ma, har na fara jin kamar abin da na fasa ya ɗinku. Da na tashi tafiya sai ga Rifkatu ta fito daga ciki, wadda na sani a goye, yanzu babbar malamar makaranta ce da motarta a tsakar gida. Ta durƙusa ta gaishe ni, makulli a hannunta.

"Baba, cikin Yola zan shiga. In sauke Bappa a gida mana, ranan nan ya yi zafi."

Zuciyata ta yi tsalle, har na kai hannu na ɗauki hulata. Yohanna ya dube ta, ya dube ni, ya yi murmushi. Babu gori a muryarsa ko kaɗan, kamar mai kare ni daga abin da zai ɓata min rai ya faɗa.

"Bar shi, Rifkatu. Bappanki bai son a ɗauke shi."

Ta ce to, ta shiga motarta ta tafi. Shi kuma ya sa takalminsa ya rako ni har bakin titi, muka tsaya cikin rana kafaɗa da kafaɗa, har keke ya ɓullo. Shi ya ɗaga hannu ya tsayar min da shi.